Kafin annoba ta shigo gari: amsa ga wani malamin Islamiyya daga Kaura Namoda

"Assalamu alaikum. Ni malamin Islamiyya ne a Kaura Namoda, kuma ina cikin kwamitin lafiya na mazaɓarmu. A lokacin korona an tsorata mu, an rufe makarantu, an hana taruwa, amma mu dai a unguwarmu ba mu ga wanda ta kashe ba. Har yau in ka ambace ta dariya ake yi, ana cewa hanyar cin kuɗi ce kawai. To idan gobe aka ce wata sabuwar cuta ta ɓulla a wata ƙasa, me ya kamata mu yi tun kafin ta iso mu? Kuma yaya za mu yi da mutanen da suke ganin an taɓa ruɗarsu?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya saka da alheri. In na fahimce ka, abu biyu kake nema: aikin da ɗan kwamiti irinka zai kama tsakanin ranar da aka ji labarin cuta a rediyo da ranar da ta shigo gari, da kuma yadda za a yi da jama'ar da korona ta bari cikin shakku. Zan amsa ne a matsayin wanda ya daɗe yana aikin sa ido kan cututtuka a matakin ƙaramar hukuma a jihar nan, wato mai bin ƙauyuka da ɗakunan shan magani yana tattara rahoto yana turawa Gusau. Ni ba likita ba ne, don haka ba za ka ji ina rubuta wa kowa magani ba.

Yawancin mutane in an ce wayar da kai, abin da ke zuwa musu a rai shi ne hukuma ta yi magana, talaka ya saurara. Wannan yana cikin aikin, amma ba shi ne babba ba. Babban shi ne labari ya taso daga ƙauye ya kai kunnen hukuma da wuri, tun masu ciwon ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba. A nan ne muka fi faɗuwa a Zamfara, kuma a nan ne kwamiti irin naku ya fi kowane ƙwararre amfani.

Yadda farkon annoba ke yaudarar ido

Cuta mai yaɗuwa ba ɗaya-ɗaya take ƙaruwa ba, ninkawa take yi. A ƙaddara masu ɗauke da ita suna ninkuwa duk bayan kwana biyar. Mutum ɗaya a yau, bayan wata guda sun zama 64, bayan wata biyu sun haura 4,000. A watan farko ba wanda zai lura, domin mutum sittin masu zazzaɓi a gari kamar Kaura ba labari ba ne, kowa zai ce maleriya ce ko sauyin yanayi. Sai a wata na biyu gadajen asibiti su cika a mako ɗaya, a ce abin ya zo kwatsam. Bai zo kwatsam ba. Wutar ƙaiƙayi ce, ta daɗe tana ci ta ƙasa.

Sannan kowace cuta tana da kwanakin da take ɓuya a jiki kafin ta nuna. Korona takan kai kwana 14, Ebola har kwana 21, sanƙarau daga kwana biyu zuwa goma. Ka ƙara da kwanakin da maras lafiya zai yi yana shan maganin kyamis a gida, da kwanakin da samfurinsa zai yi a hanya kafin ya kai ɗakin gwaji, da jiran sakamako. Adadin da ka ji an sanar yau a rediyo na mutanen da suka kamu ne tun makonni biyu ko uku da suka wuce.

Duba yadda korona ta zo. A watan Disambar 2019 aka fara jin ta a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Ranar 30 ga Janairun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin ya zama na gaggawa ga duniya baki ɗaya. Ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mutum na farko a Najeriya, wani ɗan Italiya a Legas. Kano ba ta sanar da nata na farko ba sai 11 ga Afrilu. Ke nan mu a arewa mun samu sararin kusan wata uku. A makon da aka ayyana ta a matsayin annobar duniya, wato ranar 11 ga Maris, maƙwabtanmu na Kebbi suna tsakiyar bikin kamun kifi na Argungu, kuma ba wanda ya ga wani abin mamaki a ciki, domin kowa na ganin abin na can nesa ne. Wannan sararin mun ƙarar da shi ne wajen raha cewa cutar masu hawa jirgi ce, ko zafin ranarmu zai ƙone ta.

Abin da sanƙarau ya yi mana a 2017

Ba sai mun je ƙasar Sin neman darasi ba. A watan Disambar 2016 yara da matasa suka fara kwanciya a wasu ƙananan hukumomin jihar nan da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, amai da sanƙarewar wuya. Labarin bai kai Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, a hukumance ba sai tsakiyar Fabrairun 2017. Allurar rigakafi ba a fara ta ba sai Afrilu. Kafin damina ta faɗi abin ya lafa, an ƙirga mutum sama da 14,000 da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasar, sama da 1,100 sun rasu, kuma Zamfara ce ta fi kowace jiha jin jiki, sai Sakkwato da Katsina da sauran maƙwabta.

Me ya cinye waɗannan watanni? Abu na farko, jinkirin gane cutar. Uwa takan fara da jiƙo da turare, domin yaron da ke fizge-fizge yana surutai an fi danganta shi da iska. Daga nan kyamis, a yi masa allurar maleriya. In an kai shi ɗakin shan magani, ma'aikacin da ke wurin shi ma maleriya mai tsanani yake rubutawa, don ita ya saba gani. Na biyu, an saki jiki. Tun daga 2011 aka yi gagarumin rigakafin sanƙarau a arewa, ya kuma yi aiki sosai, amma na nau'in A ne. Wanda ya zo mana nau'in C ne, wanda wancan rigakafin bai taɓa shi. Na uku, allurar gaggawa ba a kasuwa ake sayo ta ba. Akwai rumbun ajiya na duniya da ake roƙa daga gare shi, su kuma ba sa saki sai an nuna musu sakamakon gwaji da ya tabbatar da nau'in ƙwayar cutar. Gwajin kuwa sai an ɗebi ruwan ƙashin baya, an kai shi ɗakin gwaji bai lalace ba. Iyaye da yawa sun ƙi yarda a ɗiba, suna tsoron yaro zai shanye. Duk samfurin da ba a ɗiba ba ya ƙara wa jihar kwanakin jira.

Akwai ma'aunin da muke aiki da shi. In aka samu mutum uku masu alamun sanƙarau cikin mutum 100,000 a mako ɗaya, an shiga matakin faɗakarwa. In sun kai goma, annoba ce. Lissafi ne mai sauƙi, amma ba ya yiwuwa sai an kawo rahoton ukun nan. Yaron da ya rasu a gida aka binne shi kafin azahar bai shiga lissafin kowa ba.

A tsakiyar abin ne gwamnan wancan lokacin, Abdul'aziz Yari, ya ce cutar sakamakon saɓon Allah ce da mutane ke yi, aka yi ta ce-ce-ku-ce a ƙasa. Ɓangaren aƙida na maganar ku malamai kuka fi ni sani. Ni abin da na gani a fagen aiki shi ne, duk lokacin da aka jingina ciwo da abin kunya, mai gida yakan ja labule. Ba wanda ke son a ce gidansa ne fushin Allah ya sauka.

Gubar dalma ta 2010 ba cuta mai yaɗuwa ba ce, amma labarinta iri ɗaya ne. Yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake daka duwatsun zinare a cikin gida, har sai da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka ci karo da abin a watan Maris. Kimanin yara 400 suka rasu. Mutanen ƙauyukan sun san ana mutuwa fiye da kima, su ne ke binnewa. Hanyar da labarin zai bi ya fita ce babu, wasu kuma na tsoron in an sani za a hana su haƙar zinare.

Maganar "ba mu ga gawa ba"

Kada ka yi musu da mai faɗin haka, domin yana da gaskiyarsa. Adadin da hukuma ta ƙirga na waɗanda korona ta kashe a Najeriya ya ɗan haura 3,000 ne kawai, alhali a Amurka ya wuce miliyan ɗaya. Cutar ta fi kayar da tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini, mu kuwa kusan rabinmu ba su kai shekara 18 ba. Ga shi gwajin da aka yi kaɗan ne, kuma ba mu da al'adar rubuta dalilin mutuwa. Dattijon da ya yi tari na mako ɗaya ya cika, cewa ake yi lokaci ya yi. A Kano, a watan Afrilun 2020, masu haƙa kabari ne suka fara cewa aikinsu ya ninka. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce binciken da aka yi kan mace-macen, kusan dubu ɗaya, ya nuna kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama suna da alaƙa da korona.

Zargin cin kuɗi ma ba daga sama ya faɗo ba. Mutane sun ga rumbunan kayan tallafi da aka fasa a jihohi da dama a watan Oktoban 2020, cike da abincin da aka ce na talakawa ne. In ka tsaya kare gwamnati a gaban wanda ya ga wannan, ka rasa shi. Ni abin da nake ce musu shi ne: an ci kuɗi ko ba a ci ba, wannan tsakaninsu da Allah, amma sanƙarau fa, shi ma ƙarya ne? Amai da gudawar 2021, wadda ta kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan ta kashe sama da 3,500, ita ma ƙarya ce? Mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 fa? A nan kowa yakan yi shiru, domin kusan kowace zuri'a tana da wanda ta rasa ko wanda sanƙarau ya bari da kurumta. Fara magana daga ciwon da mutum ya binne nasa a kai. Kuma ka gaya musu cewa korona ta zo mana da sauƙi ne saboda yadda ƙwayarta take, ba don mun fi kowa ƙarfin jini ba. Wadda za ta biyo baya tana iya zama mai kama yara.

Su wa ke fara gani

Ba likita ne ke fara ganin annoba ba. Mai kyamis ne, wanda zai lura maganin zazzaɓi ko ruwan gishiri da sukari ya ƙare masa cikin kwana biyu. Ungozoma ce, mai shiga ɗakunan da ni da kai ba mu isa mu leƙa ba. Wanzami ne da mai maganin gargajiya. Malamin tsangaya ne da ya wayi gari almajirai biyar ba su tashi karatun asuba ba. Liman ne da masu haƙa kabari da masu wankan gawa. Bafulatanin ruga ne ko mai kiwon kaji da dabbobinsa suka fara zubewa, domin cututtuka da yawa daga dabba suke tsallakowa, kamar murar tsuntsaye, ko zazzaɓin Lassa da ɓera ke kawowa. Kai kanka, rajistar ɗalibanka ta Islamiyya kayan aiki ce: in aji ɗaya ya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na yaransa a mako guda, akwai magana.

Saboda haka aikin farko na kwamitinku, tun yau ba sai an ji labarin wata cuta ba, shi ne ku zauna da waɗannan mutane ku yi yarjejeniya a kan abin da za a kawo rahotonsa. Kada ku ɗora musu sunayen cututtuka, ba aikinsu ba ne su gane. Ku ce: mutum biyu ko fiye a gida ɗaya ko layi ɗaya da ciwo iri ɗaya cikin mako guda; babban mutum da gudawa kamar ruwan shinkafa; zazzaɓi da sanƙarewar wuya; zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, balle in da zubar jini; yaro mai kumburin wuya da ba ya iya haɗiya; baƙon da ya dawo daga tafiya ya kwanta; ma'aikacin lafiya da ya kamu da irin ciwon wanda ya yi jinya; mutuwar da ta fi ta kullum yawa, ta mutane ko ta dabbobi. Duk wanda ya ga ɗaya daga ciki ya gaya wa mutum ɗaya da kuka zaɓa, shi kuma ya kai wa shugaban asibitin mazaɓa da mai unguwa a ranar.

Kowace ƙaramar hukuma, cikin goma sha huɗun da muke da su, tana da jami'in sa ido kan cututtuka a sashen lafiya. Shi ne zai zo ya duba, ya ɗauki samfur, ya sanar da jiha. NCDC kuma tana da lambar kira kyauta, 6232. Burin da masu wannan aiki suke bi yanzu shi ne a gano ɓarkewar cuta cikin kwana bakwai, a sanar da hukuma cikin kwana ɗaya, a fara ɗaukar mataki cikin wasu kwana bakwai. Bakwan farko a hannunku yake.

Wani abu da ke kashe wannan tsari shi ne a kunyata mai kawo rahoto. Na sha ganin an kawo labari, an je an tarar ba komai ba ne, sai wani babba ya yi wa mai kawowar faɗa cewa ya ɓata wa mutane mai da lokaci. Daga ranar ya rufe bakinsa. Mai kyamis kuma yana tsoron in ya yi magana za a zo a tambaye shi takardun shago. Ku tabbatar musu rahoton da ya zama ba komai ba riba ce, ku kuma yi wa mai shi godiya a gaban jama'a.

Abin da za a faɗa, da bakin da zai faɗa

Ranar da aka ce sabuwar cuta ta ɓulla, tambayar farko da za ka yi wa ma'aikatan lafiya ita ce: ta ina take shiga? Ta numfashi, ta ruwa da abinci, ta taɓa jini da ruwan jikin maras lafiya, ko ta cizon sauro da cuɗanya da dabba? Amsar ce ke nuna abin yi. Takunkumi da buɗe tagogi da rage cunkoso na ta numfashi ne. Tafasa ruwa da kare rijiya daga masai na amai da gudawa ne. Sa wa mutane takunkumi a kan cutar da ke cikin rijiya wahalar banza ce. Tambaya ta biyu: wa ta fi kayarwa? Ta uku: in an ga alama, ina za a kai mutum, kuma kyauta ne ko da kuɗi? Wannan ta ƙarshe an fi mantawa da ita, alhali ita ce a ran mai gida.

Saƙo kada ya wuce abu uku da mutum zai iya yi da hannunsa. Kuma ka faɗa musu tun farko cewa cutar sabuwa ce, masana suna kan bincike, shawarar yau tana iya canzawa nan da wata guda. A korona an fara cewa mai lafiya ba ya buƙatar takunkumi, daga baya aka ce kowa ya sa. Canjin ba laifi ba ne, ilimi ne ya ƙaru. Amma da yake ba a shirya kunnuwan mutane ba, sai suka ɗauke shi shaidar ƙarya.

Ji-ta-ji-ta takan riga gaskiya isa gari. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, cikin dare ɗaya saƙo ya karaɗe ƙasar nan cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Dangi suka yi ta tashin juna a waya kafin asuba. Mutane sun mutu saboda gishirin, wasu suka kwanta asibiti, a garuruwan da Ebola ba ta taɓa takawa ba. Ita kanta cutar mutum 20 ta kama a Najeriya, takwas suka rasu, aka kuma shawo kanta cikin wata uku, saboda Dakta Stella Adadevoh ta hana wanda ya shigo da ita fita daga asibiti, ma'aikata kuma suka bi duk wanda ya yi hulɗa da masu ciwon gida-gida. A lokacin ma WhatsApp bai kai ƙauye kamar yanzu ba. Yau saƙon murya ɗaya ya isa. Kada ka maimaita ƙaryar a kan mumbari don ka ƙaryata ta, wasu a bakinka za su fara jin ta. Faɗi abin da yake daidai, ka bar ƙaryatawa ga wanda ya tambaye ka kai tsaye.

Game da bakin da zai faɗa, tarihin shan inna ya ishe mu. A 2003 Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin bisa zargin yana hana haihuwa. Zargin ya samu gindin zama ne domin mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba. Takardun masana ba su kwance wannan ƙulli ba. Abin da ya kwance shi daga baya shi ne shigowar sarakuna ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, hakimai da dagatai suna ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a, da mata 'yan unguwa masu shiga gida-gida. A watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Ke nan mai shela na fada, huɗubar Juma'a, malamar Islamiyyar matan aure, sarkin tasha da shugaban 'yan kabu-kabu sun fi kowace fosta.

A ɓangaren addini ba ni zan koya maka ba. Ka san hadisin da ya hana shiga garin da annoba take da kuma fita daga cikinsa, ka san yadda Sayyadina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham. Abin da zan roƙa shi ne ku malamai ku tattauna mas'alolin tun ana zaman lafiya: yaya za a yi wankan gawar da taɓa ta ke da haɗari, kamar ta Ebola ko Lassa ko kwalara? Yaya za a yi zaman makoki da dubiya? Ba a fafe gora ranar tafiya. In aka bari sai gawa na kwance dangi na kuka sannan baƙo mai farar riga ya ce kada a taɓa, rigima za a yi.

Shirin gida da na makaranta

Wannan ba shi da tsawo. Sabulu da buta a ƙofar gida da ta makaranta. Kowace uwa ta iya haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai hawan jini ko ciwon suga ya riƙe maganin wata guda in da hali. A duba katin rigakafin yara a cike giɓi, domin in annoba ta zo asibiti yakan shagala, sai ƙyanda ta samu ƙofa. A san ɗakin da za a keɓe maras lafiya, da mutum ɗaya da zai yi jinya, kada ya zama tsoho ko mai juna biyu. Sanƙarau kuwa yanzu akwai allurar da ke kare nau'i biyar, wadda Najeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da ita a 2024, in an kawo ta ku tura yara. Ciwon bai tafi ba, a farkon 2025 ya yi ɓarna a Gwandu da Jega da Aliero a jihar Kebbi.

Kulle gari gaba ɗaya, a ganina, bai dace da mutanen da sai sun fita za a ɗora tukunya ba, sai dai na ɗan lokaci kuma da abinci a hannu. Abin da ya fi yiwuwa shi ne kare tsofaffi, rage cunkoson ɗakin kwana, mayar da karatu da taro ƙarƙashin bishiya, da lura da tasha da kasuwannin mako. Kwasar almajirai da gwamnonin arewa suka yi a 2020, ana cusa su a motoci ana mayar da su jihohinsu, kuskure ne ta fuskar lafiya, domin an samu masu ɗauke da cutar a cikinsu bayan sun isa. In an ce a rufe tsangaya, tambayi inda yaran za su kwana.

Inda ƙarfinku ya tsaya

Kwamiti ba zai samar da ɗakin gwaji ko iskar oksijin ko allura ba, wannan na gwamnati ne, naku shi ne matsa mata ta bakin sarakuna da 'yan majalisarku. Ba kuma wanda zai gaya maka tun yanzu irin cutar da za ta zo, shi ya sa na fi ba da ƙarfi a kan tsarin da zai yi aiki ko wacce ce.

Babbar matsalarmu ita ce tsaro. Akwai ƙauyuka a yankunan Zurmi da Shinkafi da Maradun da Maru da ma'aikacin lafiya ba ya iya kwana, wasu ɗakunan shan magani an rufe su. Mutanen can suna cikin garinku yanzu, a kangaye da gidajen dangi, ashirin a ɗaki ɗaya, yara da yawa ba rigakafi ga yunwa. In cuta za ta tashi, a cikinsu za ta fi saurin kamawa, kuma su ne suka fi tsoron magana kada a kore su. Ku sa wakilinsu a kwamiti, namiji da mace. Ta bakinsu kuma za ku riƙa jin halin da waɗanda suka rage a daji suke ciki.

Kada kuma ku dogara da waya kaɗai. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a jihar nan na tsawon makonni, a shekarar da amai da gudawa ke kashe mutane. Ku tsayar da wanda zai ɗauki rahoto a rubuce ya kai sakatariya in waya ta mutu, ko direban da ke bin hanyar kullum. A makon nan ka je sashen lafiya na ƙaramar hukuma ka nemi jami'in sa ido, ku ga juna ido da ido, ka gayyace shi zaman kwamitinku na gaba. Lokacin sanƙarau yana farawa ne daga shigowar hunturu har faɗuwar ruwan farko, ku fara gwada tsarin a kansa.